Wa'azin da Inna Take Ji

Shekara ashirin da shida Tafinta ya yi yana tsayawa a hagun mimbari duk ranar Lahadi, har mutane suka manta cewa gyaran keken ɗinki ne abincinsa. Teloli ma da ke kawo masa aiki, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar coci ba, Tafinta suke ce masa. Mutum ɗaya ce ta ƙi wannan suna, wato mahaifiyarsa. Ita har gobe Auta take kiransa, ga shi da furfura har a gira, ga jikoki uku.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai walda da mai sayar da katifa. Kawunan kekuna suna jere bisa kanta, kowanne da ƙyallen da mai shi ya ɗaura masa don shaida. Akwai gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi, da kwalbar mai, da tsohon buroshin haƙori da yake share ƙurar zare da shi. Ba ya kwance keke sai ya fara taka shi ya saurara. Daga ƙarar yake gane ko bel ne ya saki ko ƙwarƙwaro ne ya goge. Mutum ne mai kunne, kuma kunnen ne ya kai shi gaban coci.

Lokacin da aka buɗe masaƙa a bayan gari, baƙi suka cika unguwar, jama'ar coci ta rabu gida biyu. Ma'aikata da 'ya'yansu harshen makaranta suke ji. Tsofaffi kuwa in ba harshen gida ba, ko zaginsu ka yi sai su ce amin. Tsohon Fasto ya duba ya ga wani matashi mai gyaran keke, wanda ya bar makaranta a aji uku na sakandare don jinyar ubansa, ya kira shi ya koya masa aikin a tsaye. Ka tsaya taku ɗaya bayan mai wa'azi. In ya ɗaga hannu ka ɗaga, in ya sassauta murya ka sassauta. In ya ce "ni", kai ma "ni" za ka ce, ba "ya ce" ba. Kada ka ƙara, kada ka rage. Shekara ashirin da huɗu Tafinta ya bi wannan doka bai ji nauyinta ba, domin duk abin da tsohon ya faɗa, abu ne da shi ma zai iya faɗa da bakinsa ya yi barci lafiya.

Inna tana zama a benci na uku, gefen mata, kusa da taga. Ta haura tamanin. Shekara bakwai ta yi tana juya mijinta a kan gado bayan ɓarin jikinsa ya shanye, tana ba shi abinci a baki, tana wanke shi, har Allah ya karɓi abinsa. Daga baya yanar ido ta rufe mata gani. An yi mata aiki sau ɗaya bai yi ba, ta ce a bar ta haka, ta ga abin da za ta gani. Abin da ya rage mata a duniya shi ne wannan benci da abin da take ji a kansa. Matar Tafinta ce ke riƙe mata hannu zuwa coci, in sun dawo kuma Inna ta yi mako guda tana tauna wa'azin a ɗakinta na bayan gida. Tafinta ya san haka, kuma duk abin da ya yi daga baya, don kada a taɓa mata wannan ɗan abin ya yi shi.

Tsohon Fasto ya yi ritaya, aka aiko da sabo daga nesa. A faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne. Shi ya sa aka gyara rufin da ya shekara goma yana yoyo, kuma in ya ji ba ka da lafiya, kafin ka gama shan magani ya iso da babur ɗinsa. Sai dai ya zo da koyarwa irin tasa, ya kuma yarda da ita har zuci. A wurinsa duk mai bangaskiya ta gaske ba ya daɗewa a kwance. In an yi maka addu'a ciwo ya ƙi tafiya, to akwai abin da ka ɓoye.

A wata na uku ya kawo maganar kan mimbari. Ya buga hannu a kan katako ya ce da harshen makaranta, "Ina gaya muku, ciwon da ya ƙi jin addu'a, zunubi ne ke riƙe da shi. Mai shi ya koma ya binciki kansa."

Ya yi shiru yana jiran tafinta. Tafinta ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan benci na uku. Inna ta karkato da kai wajen muryarsa, fararen idanunta a buɗe, hannunta bisa sanda. Ya buga hannu a iska yadda Fasto ya buga, ya ce da harshen gida, "Ina gaya muku, ciwon da ya daɗe ba alama ce ta Allah ya manta da kai ba. Mai shi kada ya zargi kansa."

Tsofaffi suka ce amin. Fasto ya ji amin ɗin ta yi ƙarfi, ya ƙara ƙaimi. A cikin masu jin harsuna biyu wani ya yi tari, wata ma'aikaciyar asibiti ta dubi Tafinta ta sunkuyar da kai. Bayan an tashi babu wanda ya ce masa uffan. Kowa ya ga gara a bar kaza cikin gashinta.

Daga ranar aikin ya zama biyu. Da can kunne da baki kawai yake sawa. Yanzu sai ya saurari abin da aka faɗa, ya auna shi, ya zubar da wanda zai zubar, ya nemo wani daidai tsawonsa ya sa a gurbin, duk kafin Fasto ya gama haɗiye yawu. In Fasto ya daka tsawa shi ma dole ya daka, ko da maganar da ke bakinsa ta lallashi ce. Ranar Asabar yana taka keken mutane yana shirya abin da zai faɗa gobe in an ɗauko kaza ko kaza. Ranar Lahadi kuwa yakan dawo gida rigarsa sharkaf, ya kwanta a tabarma ko takalmi bai cire ba. Matarsa takan ce, "Baban yara, wa'azi kuka yi ko dambe?"

Bai zauna haka nan ba, ya gwada. Wata Laraba ya sami Fasto a ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, mahaifina shekara bakwai ya yi a kwance. Ban taɓa ganin mai riƙon Allah kamarsa ba. Mu abin da aka koya mana, alheri kyauta ne, ba ladan lafiyar jiki ba."

Fasto ya saurare shi da ladabi, har ya zuba masa ruwa a kofi. Ya ce, "Baba, ban san mahaifinka ba, Allah ne ya san zuciya. Amma in na ce wa mutane su zauna da ciwonsu, me na ba su? Ni bangaskiya mai aiki nake koyarwa." Suka yi addu'a tare, Tafinta ya fito yadda ya shiga, sai ƙarin gajiya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda Inna ta ɗauki sabon Faston. "Wannan yaro Allah ya ba shi baki," in ji ta. "Tsohon ma bai kai shi sanyin magana ba. Ka ji abin da ya ce jiya? Wai wanda ya yi jinyar wani, hannunsa Allah ya ara." Ta sa a kai masa ƙwai shida daga kajinta. In ya zo gaishe ta, takan riƙe hannunsa da hannu biyu tana sa masa albarka, shi yana murmushi bai san me take cewa ba, Tafinta na tsaye a tsakani yana juya wa kowa abin da zai yi masa daɗi. Shekara biyu aka yi a haka.

Sai zaɓe ya matso. Akwai wani ɗan takara da ke tunawa da hanyar coci sau ɗaya a shekara huɗu. Ya zo da motoci uku, aka ɗauko masa kujera mai laushi daga ofis aka ajiye a gaba, inda ko tsohon Fasto bai taɓa zama ba. Ran nan Fasto ya ce wannan ne mutumin da Allah ya nuna masa. Ya ce duk wanda ya dangwala wa ɗaya ɓangaren ya ɗaga hannu ne a kan jama'ar Allah, kuma kada ya matso teburin Ubangiji, inda ake raba wa masu bi gurasa da ƙoƙo, sai ya tuba. Tafinta ya ɗaga yatsa yadda Fasto ya ɗaga, ya ce kowa ya yi addu'a kafin ya dangwala, kuma teburin Ubangiji na duk mai tuba ne.

Shekara biyu yana juya koyarwa a kan zunubi da ceto babu wanda ya ga abin kai ƙara. Da ya taɓa ƙuri'a, kafin Talata an kira taron dattawa.

Sakataren coci ne ya kai maganar. Tsohon akawu ne a masaƙa, yana jin harsunan biyu kamar ruwa, kuma kowa ya san hular jam'iyyar da ke rataye a bayan ƙofarsa. Da la'asar aka zauna a ofis, fanka na juyawa ba ta kawo iska. Sakatare ya karanto abin da Fasto ya faɗa da abin da Tafinta ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya, har da na watannin baya. Ashe yana rubutawa. Fasto ya yi ta kallon Tafinta, kuma abin da ke fuskarsa ya fi kama da ciwo fiye da fushi.

"Baba, shekara biyu ina tsammanin da tsofaffin nan nake magana," in ji shi. "Ashe kai kake musu wa'azi."

"Na yi laifi, ranka ya daɗe, ban musa ba. Na san dokar aikin tun kafin ka zo."

"To me ya sa?"

"In ka ce 'ni', ni nake cewa 'ni'. Su ba muryarka suke ji ba, tawa suke ji. Uwata tana benci na uku. Ba zan iya tsayawa in ce mata makantarta zunubinta ne ba. Kuma tebur ɗin nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne, balle na mai motoci uku."

Sakatare ya ce ba muhawara aka zo yi ba. Aka yanke cewa ranar Lahadi zai ci gaba da aikinsa, amma ya faɗi abin da aka faɗa kalma da kalma, Sakatare na gaba yana bi. In ya yi haka wata uku, an yafe. Dattawa biyu da suka yi makarantar Lahadi tare da shi suna ta kallon tabarmar ƙasa har aka tashi.

A gida matarsa ta ce, "Ka faɗa kawai mana. Ai kowa ya san ba maganarka ba ce." Ita ma ta gaji. Shekara talatin tana cikin zumuntar mata, can ƙawayenta suke, can aka yi wa 'ya'yanta baftisma. Ya ce mata Inna ba ta san haka ba. Ta ce, "To in ka bari, wani zai faɗa. Me ka tsare?" Ya san gaskiyarta ce. Ya gwada ta wata hanyar, ya ce wa Inna ƙafarta ta kumbura, ta huta a gida mako biyu ko uku. Ta ce shekara hamsin ba ta fasa sujada don ƙafa ba, ba za ta fara don Auta ya zama likita ba.

Ranar Lahadi ya sa farar rigarsa ya tsaya a inda ya saba. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, ya juya sanarwa tsaf. Da aka zo wa'azi Fasto bai yi kwana-kwana ba, ya maimaita maganar ƙuri'a da tebur, ya tsaya yana jira. Tafinta ya riƙe makirufo. Ya ji ƙarar fanka, ya ji wani jariri yana tsotso. Ba fushi ya ji ba. Ji ya yi kamar ya ɗauko buhu daga nesa ya iso inda ƙafa ta ce ba ta ƙara taku. Fasto ya sake faɗa a hankali. Tafinta ya ajiye makirufon bisa mimbari, ya ɗan rusuna, ya sauko.

Hanyar fita ta gefen benci na uku take bi. Inna ba ta gan shi ba, amma ta san takunsa. Ta juyo da kai ta ce ƙasa-ƙasa, "Auta, lafiya?" Ya ce, "Lafiya, Inna, zauna." Kafin ya kai ƙofa Sakatare ya ɗauki makirufon.

Abin da ya biyo baya ba shi da wani armashi. Ya rubuta takarda layi huɗu ya ce ya bar cocin, aka karanta a taron dattawa aka sa a fayil. Gaisuwa ta gajarce a hanya. Teloli biyu 'yan coci suka aiko aka ɗauke kekunansu ba a gama gyara ba. Ma'aikaciyar asibitin nan ta tsaya a ƙofar shago wata rana ta ce, "Baba, mun san abin da ka yi mana," ta waiga hagu da dama, ta wuce da sauri. Ya gwada wani coci a tsallaken titi, ya zauna a baya. Yana zaune ya tarar leɓɓansa suna motsi, suna juya wa'azin da babu wanda ya sa shi. Da aka tashi ya ga hoton ɗaya ɗan takarar manne a jikin allon sanarwa. Bai koma ba. Zaɓe ya zo ya wuce, tituna suna nan da ramukansu.

Inna an gaya mata cewa ɗanta ya yi rigima da Fasto a kan siyasa, ta yi masa faɗa kwana biyu ta bari. Amma ya lura ta daina tauna wa'azi a ɗaki. Lahadi ta farko ta ce Sakatare ba shi da daɗin murya. Ta huɗu, matarsa ta dawo da ita, ta kai ta ɗaki, ta fito ta tsaya a kansa.

"Yau maganar ciwo ya yi," in ji ta. "Sakatare bai rage ko ɗaya ba."

Aka kai wa Inna abinci ya dawo yadda aka kai shi. Da rana ta karkata sai ta kira shi. Ya same ta zaune a bakin gado, ba ta ko cire ɗankwalin coci ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Auta, na bincika," in ji ta. "Fasto ya ce mu bincika, na bincika, na gano."

"Inna, ba abin da za ki gano."

"Bari in faɗa. A shekara ta biyar ta ciwon babanku, wata rana na gama wanke shi, na shanya zanin gado, na dawo na tarar ya sake ɓatawa. Na fita bayan ɗaki na ce, Ubangiji, ka ɗauke shi in huta. Da bakina na faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka ga shi bai tashi ba, ni kuma ga idona."

Tafinta ya ɗago kai ya dube ta. Ya kama ƙafarta ya ce, "Inna, gajiya ce. Duk wanda ya yi jinya ya san wannan. Allah ba ya rufe idon mutum don ya gaji. Mutumin nan kuskure yake yi, shi ya sa na bar wurin."

"Kada ka zage shi a gabana. Shekara biyu ina jin sa, bai taɓa faɗa mini abin da ba gaskiya ba. Shi ya ce Allah bai manta da ni ba. Shi ya ce hannuna Allah ya ara. Mutumin da ya faɗi waɗannan, in ya ce in bincika, ai ya san abin da ya gani."

"Ba shi ya faɗa ba, Inna. Ni ne. Tun zuwansa abin da kika ji yau yake faɗa, ni nake canzawa. Duk abin da kika ji a shekara biyun nan, nawa ne."

Ta miƙo hannu ta lalubo kansa, ta shafa furfurar kamar yadda take yi tun yana yaro.

"Auta ke nan," ta ce. "Ka so ka sanyaya mini rai, Allah ya yi maka albarka. Amma ni na haife ka. Kai da ko addu'ar abinci sai ka yi ta in'ina, ina ka samo irin wannan magana? Wannan sai wanda Allah ya kira."

Ya rantse mata. Ya kira matarsa ta shaida, matar ta ce gaskiya ne. Inna ta ce ta ji, ai mace ba ta ƙaryata mijinta. Ya maimaita mata wa'azin da ta fi so, kalma da kalma, ta ce to ai dama shi ya juya shi, dole ya haddace. Duk ƙofar da ya taɓa ya tarar shi da kansa ya kulle ta tun tuni.

"Gobe da safe ka kai ni wurinsa," in ji Inna. "Zan faɗa masa abin da na yi, ya yi mini addu'a. Na san ba ka shiga, ka tsaya a bakin ƙofa. Sai dai ba na son Sakatare ya ji wannan magana." Ta juyo da kai wajensa. "Ko za ka daure ka shigo ka juya mini? Kai kaɗai na yarda ka ji."

Tafinta ya dubi ƙafafunta da suka kumbura a cikin silifa.

"Ƙarfe nawa, Inna?" ya ce.